Saƙon Jana'izar Bappa Sale

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Bappa Sale ya rasu ba, kuma ba don rasuwar kaɗai ba. Yayan mahaifina ne, tela a Kasuwar Jalingo, a hannunsa na girma. Shi ne kuma shugaban ƙungiyar mutanen garin Lau mazauna Jalingo.

A lokacin ban daɗe da koyon haɗa manhaja ba, kaina ya kumbura. Na yi wa ƙungiyar wata 'yar manhaja mai aika saƙon waya idan an yi haihuwa ko rasuwa. Aikinta mai sauƙi ne: ta miƙa kowane saƙo ga wani kamfanin tura saƙonni, ta jira amsarsa, sannan ta miƙa na gaba. Tana aiki, amma da nawa. Sai na gano dabarar da ba sai an jira amsa ba, a saki saƙonnin gaba ɗaya lokaci guda. Na gwada da lambobin 'yan gidanmu, kafin ƙiftawar ido duk wayoyi suka yi ƙara. (Har tafi na yi wa kaina, Allah ya yafe mini.) Ban tsaya na tambayi kaina ba ko abin da ya yi wa mutanen gida ɗaya zai yi wa ɗaruruwa.

Da hantsi Bappa ya cika, aka sa jana'iza bayan azahar a unguwar Mayo Gwoi. Ƙaninsa, Bappa Umaru, ya fara raba mutane su zaga gari da babura su sanar. Ni kuwa, da hawayena da komai, na ce, “Bappa, a bar su su huta. Yanzu zan sanar da kowa.”

Ya ce, “Ka tabbata?”

Na ce na tabbata. Na danna, manhaja ta rubuta an gama, na rufe kwamfuta na tafi wajen haƙa kabari.

Abin da ban sani ba shi ne, da kamfanin ya ga saƙonni sun afko masa tamkar an buɗe wa tumaki ƙofa, sai ya karɓi na farko-farko ya kore sauran. Ya ma turo amsa cewa sun yi yawa, a rage. Ni ne ban koya wa manhajar ta karanta amsa ba.

Sahu biyu aka yi a sallar. Mutumin da ba ya fashin jana'izar kowa, ga nasa sahun ko layin gidansa bai cika ba. Har haushin mutane na ji a raina, ina cewa duniya ba amana.

Washegari muna zaman makoki, sai ga Baba Danjuma, ɗan ƙungiyarmu, ɗan ƙabilar Mumuye, Kirista, mai sayar da yadi kusa da shagon Bappa. Tun kafin a haife ni suke cin abinci kwano ɗaya. Bai ko zauna ba, ya fuskanci Bappa Umaru yana kuka.

“Umaru, me na yi maku? Safe na buɗe shago, na ga nashi kulle. Mai shayi ne ya gaya mani an binne. Ko ƙasa ban zuba mashi ba.”

Bappa Umaru bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juyo kawai ya ce, “Ga wanda ya sanar da kowa.”

Duk tabarmar ta juyo gare ni. Na buɗe baki zan yi bayanin kamfani da amsa da yawan saƙo, sai na ji yadda maganar za ta faɗi a kunnen dattijon da ke kuka. Na sunkuyar da kai na ce ya yafe mini. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ba komai, ɗana,” kuma wannan ya fi mari zafi.

Bayan sadakar bakwai na gyara manhajar. Yanzu biyar-biyar take saki, idan amsar ɗaya ta dawo sai wani ya tafi, wanda aka ƙi kuma ta ɗan jira ta sake gwadawa, ta faɗa mini wanda bai isa ba. Gyaran bai fi shan shayi ɗaukar lokaci ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, ni na cusa wa kamfani kwando guda. Manhajar ba ta sake ba ni kunya ba, sai dai mutum sau ɗaya ake binne shi.