Yadda na sallama takobin Hafsatu

Shekara talatin ina sayar da man shanu a kasuwar Juma'a, ba a taɓa cutata ba. Ku riƙe wannan.

Jikata Hafsatu, wadda ke jami'a, tana da wani wasa a wayarta. A kashe dodanni, a kwashe kayansu, a kai wa wani ɗan kasuwa mai gemu ya saya. Wata uku tana fama kafin ta samu takobin zinare. Na leƙa ta kafaɗarta, na ga duk tarkacen da ya taya sallamawa take, ko albarka ba ta cewa.

Na ce, "Kawo nan, kin zubar mana da mutunci."

"Iya, ba a ciniki da shi."

"Ba a haife shi ba."

Ta tafi sauke tukunya. Na ɗauki wayar na yi wa mai gemun sallama, bai amsa ba. Na ɗora masa takobin don kawai in ji bakinsa. Ya taya. Na ce albarka, na dangwara masa yatsa a ƙirji, ya san da wa yake magana. Sai na ji ƙarar tsabar kuɗi. Takobi ya tafi.

Na ce a fasa. Hafsatu ta dawo ta duba, in za a fanso shi ya ninka kuɗin sau goma. Na kife wayar na fice tsakar gida, ina jiran ya kira ni. Har la'asar bai kira ba.

Kwana biyu gaisuwarta daga nesa take. Yanzu kuwa ko da mai kifi na fara ciniki, sai ta leƙo daga ɗaki: "Iya, don Allah a ɓoye yatsan."