Jinin da Na Kai Funtua a Kwalbar Turare

Marigayiya matata ce ta san harkar asibiti. Bayan rasuwarta haɓo ya matsa wa 'yarmu Hadiza, likita ya rubuta gwajin daskarewar jini. Na ce marainiya ba za ta sha jijjigar babur daga Ƙarfi ba. Na wanke kwalbar turare tas, mai kemis ya ɗibar min jininta a ciki, na nufi Funtua ina jin kaina gwani.

Ma'aikaciyar ta kifa kwalbar, jinin ko motsi bai yi ba.

"Malam, lokacin da yake ɗauka kafin ya daskare muke aunawa. Kai kuma ka kawo shi a daskare."

Washegari na kai Hadiza, aka ce lafiyarta ƙalau. Amma har yau, in an yanka rago, ƙanin marigayiyar sai ya ce, "Likita, kawo kwalbarka."