Yadda Za Ka Zama Ragon Sallah a Shekarar da Babu Rago

Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka cinye kwanon dambu kai kaɗai a gaban jama'ar gari, su kuma su tafa maka. Hanya ce da aka gwada. Muntaka, wani manomi a ƙauyenmu da ke bayan Makoda, shi ya fara bin ta, a shekarar farin nan da gero ya bushe tun bai fid da kai ba.

Kowace Babbar Sallah, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙauyen kan yi wasa a kan wata tsohuwar waƙa ta kaka da kakanni. Labarin ɓataccen rago ne da ya shiga gidan talaka ran jajibere ya cinye masa ɗan dambun da ya rage. Talakan ya haƙura, ya mai da shi ga mai shi, mai shi kuwa ya bar masa kyauta. Da can ragon gaske ake arowa. A wannan shekara kowa ya sayar da nasa ya sayi hatsi. Dole mutum ya shiga fata.

Mataki na ɗaya: Ka nuna ba ka so

Da shugaban ƙungiya, Malam Sama'ilu, ya tambayi wa zai zama rago, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ya ƙara da cewa gidan mai unguwa sun ɗauki nauyin dambun, har da man gyaɗa. Nan take hannuwa suka tashi sama.

Kada ka ɗaga naka. Muntaka ya yi tsaki ya ce, "Haba Malam, magidanci da 'ya'ya ya yi rarrafe a gaban mata? Ni dai ba da ni ba." Malam Sama'ilu ya dube shi ya ce, "Kai kaɗai ne ba yunwa ta kawo ka ba. Kai za ka yi." A lokacin cikin Muntaka na ƙugi, amma ya rufe shi da tari.

Mataki na biyu: Ka ɗaga matsayinka a gida

Mace ba ta son jin an ce mijinta rago ne, ta kowace fuska aka ɗauki kalmar. Muntaka ya gaya wa matarsa Barira cewa shi aka ba matsayin attajirin da ke da ragon.

"Kai, Malam! Ai sai na aika wa Baba ya zo ya gani," in ji ta.

Ya ce hanya da nisa, tsoho zai wahala. Ta ce ai ta riga ta ga mai zuwa can.

Mataki na uku: Ka koyi kuka nesa da mutane

Kukan rago daga maƙogwaro yake fitowa, ba daga hanci ba. Wanda ya yi ta hanci, akuya ya zama. Muntaka ya tafi gonarsa ya shiga bayan kuka yana gwaji. Ya iya har ya wuce misali, domin kafin ya ankara sai ga maƙwabcinsa Mati a guje da igiya a hannu. Suka tsaya suna kallon juna.

"Ina ragon?" in ji Mati.

"Ni ma shi nake nema," in ji Muntaka. Suka yi ta zagaya gonar tare har rana ta yi zafi.

Mataki na huɗu: Ka nemi a yi gwaji da dambun gaske

Ka ce fasaha ce ta buƙaci haka. Ba za a yarda ba, amma ka gwada. Malam Sama'ilu ya ajiye wa Muntaka kwano wayam ya ce, "Ai shi ya sa ake ce masa kwaikwayo."

Mataki na biyar: Kada ka dubi 'yan kallo

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma a nan Muntaka ya yi sake.

Ran Sallah bayan la'asar gari ya taru a filin firamare. Ba ƙamshin suya ko'ina, yara kuwa da kayan bara. An ɗinke buzaye biyu an rufa wa Muntaka, an ɗaura masa ƙahoni, an huda masa wurin ido. Inna Hure, tsohuwar da ke rera waƙar kowace shekara, ta fara. Muntaka ya shigo da rarrafe ya saki kukan nan, fili ya ɗauki dariya. Surukinsa Baba Nababa na zaune a gaba kan tabarma, yana leƙen ta inda attajiri zai ɓullo.

Aka ajiye kwano. Ƙamshin mai da albasa ya shiga cikin fatar ya same shi. Inna Hure ta kai baitin da rago ke cin dambu. Abin da ya rage kawai ya sunkuya.

Sai ya ɗaga kai. Yaran sahun gaba sun daina dariya. Ba rago suke kallo ba, idonsu na kan kwanon. 'Yarsa Safiyatu na cikinsu, bakinta na motsi a hankali kamar mai tauna.

Inna Hure ta maimaita baitin. Malam Sama'ilu ya yi raɗa daga gefe, "Ci mana, Muntaka!" Raɗar ta fi ƙarfin raɗa, har Baba Nababa ya gyara zama.

Muntaka ya sa ƙaho ya tura kwanon, ya bi shi da rarrafe yana turawa har gaban yaran. Suka yi masa caa. Inna Hure ba ta ko yi tuntuɓe ba, nan take ta ƙago sabon baiti a kan ragon da ya ciyar da gari kafin a yanka shi. Mata suka rangaɗa guɗa.

Mataki na shida: Ka shirya komawa gida

Ya shiga gida gwiwoyi a saɓule, ciki wayam. Baba Nababa na zaune a tsakar gida. Muntaka ya durƙusa ya gaishe shi, bai iya ɗaga ido ba.

"Tashi, ka yi rarrafen da ya isa yau," in ji tsohon. "Na zo ganin attajiri, na kuwa gan shi."

Barira ta ajiye masa ɗan kunun da ta rage, ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin ciwon gwiwa, ko dambun da bai shiga bakinka ba, ko sunan da yara za su laƙaba maka. Haka kuma babu ruwansa idan abin ya zame maka sana'a. Da damina ta dawo aka aro ragon gaske, ya cinye dambun tas yadda waƙa ta ce, yara suka yi masa ihu har sai da aka fitar da shi. Aka aika gida a kira Muntaka. Yanzu furfura ta cika masa gemu, kuma har yau bai san ɗanɗanon dambun nan ba.