Minti Biyun da Suka Girgiza Ƙungiyar Fasinjoji

Idan ana lissafa manyan mutanen da suka taɓa hawa jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai da minti arba'in da biyu daga ƙauyen Scarthwaite zuwa Leeds, dole a fara da Mista Desmond Ackroyd. Da rana manajan sashen darduma ne a wani kanti. Amma safe da yamma shi ne Shugaban Ƙungiyar Kare Haƙƙin Fasinjoji, mai mambobi tara, har da matarsa da ba ta hawa jirgi. Shi ya naɗa kansa Garkuwan Fasinjoji. Mu kuma a bayan idonsa Sarkin Makara muke ce masa.

Shugaba ba ya ɗaura agogo. "Mutum mai matsayina ba ya duba lokaci," in ji shi, "duba masa ake yi." Mai duba masa kuwa ni ne, Clive Hebden, akawu a ofishin lauyoyi kuma sakataren ƙungiya. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta lokacin tashin jirgi da na isowarsa. Na cika littafi goma sha tara. Kowace Lahadi nakan duba agogon bangon kicin ɗinmu, in saita na hannuna da shi. Da wannan tsari na gano abin da ya kuɓuce wa hukuma, wato duk agogon tashoshin arewacin Ingila suna baya da minti biyu. Na rubuta wannan ma, na ja masa layi.

Ƙa'idar kamfanin jirgin a fili take. In jirgi ya makara minti talatin, a mayar maka da rabin kuɗin tikiti. In bai kai ba, ko sisi babu. Wata Talata ganyen bishiya ya zuba a kan layin dogo, jirgi ya yi ta jan ciki. Littafina ya ce mun makara minti talatin da ɗaya. Na'urar kamfani ta ce ashirin da tara. Tsakanin lissafin biyu akwai fam uku da rabi na Shugaba.

"Ba maganar kuɗi ba ce," in ji shi, ya miƙe tsaye a tsakiyar tarago, mutane suna ta ɓoye fuska a bayan jarida. "Maganar mutuncin ɗan Adam ce. Yau sun ci minti biyu, gobe su ci mako guda."

Muka rubuta wasiƙa goma sha huɗu. Shi ke faɗa, ni ke bugawa. Kuɗin kan sarki kaɗai ya ninka abin da muke nema sau huɗu. A wasiƙa ta ƙarshe ya ce in littafin sakatarensa ya yi kuskure ko na daƙiƙa ɗaya, zai ajiye shugabanci a gaban jama'a. Na ji daɗin wannan sakin layi har na karanta wa matata Maureen sau biyu.

Da kamfani ya gaji, ya turo wata matashiyar ma'aikaciya, Madam Nuttall, ta same mu a zauren coci ranar Alhamis da ƙarfe shida. Maureen ce ke raba shayi da biskit. Shugaba ya zo da sabuwar kwat da lambar ƙungiya a ƙirji, wadda shi ya zana ta, shi ya biya aka ƙera. Ya yi jawabi mai tsawo. Ya ambaci kakansa da ya yi yaƙi, ya ambaci 'yancin talaka, sannan ya ɗaga littafina sama ya ce, "Ga shaidar da ba a saye da kuɗi."

Madam Nuttall ta buɗe littafin, ta daɗe tana dubawa.

"Yallaɓai, rubutunka kamar bugun inji," ta ce da ni. Na sunkuyar da kai don kada a ga murmushina. "Sai dai a nan jirgin bai taɓa tashi kan lokaci ba, ko sau ɗaya. Kullum da ƙarin minti biyu. Ƙarfe nawa yanzu a agogonka?"

"Shida da minti ashirin da biyu."

Mutane suka ciro wayoyinsu. Kowa na da shida da ashirin.

"Wayoyin nan bakinsu ɗaya da kamfani," in ji Shugaba.

Sai Maureen ta ajiye butar shayi. "Ai ni na tura agogon kicin gaba," ta ce. "Tun shekarar da ya fara wannan rubuce-rubucen. Kullum sai ya tsaya a bakin ƙofa yana feƙe fensir, ni kuma ina tsoron jirgi ya tafi ya bar min shi a gida wuni guda. Clive, wai da gaske ba ka sani ba?"

Ban sani ba. Ni da na tuhumi agogon tasha talatin da shida, ban taɓa tuhumar wanda ke rataye a saman tukunyar miya ba.

Duk ido ya koma kan Shugaba, ana jiran cika alkawari. Ya gyara lambar ƙirjinsa, ya yi gyaran murya. Ya ce a irin wannan mawuyacin hali ƙungiya ba za ta jure rasa jagora ba, don haka ya danne son ransa zai ci gaba da riƙe kujerar. Amma tunda dole wani ya ɗauki alhaki, ya sallami sakatare nan take. Kafin ya zauna ya juyo gare ni, kamar yadda ya saba.

"Hebden, rubuta lokacin da na yanke hukuncin."

Na duba hannuna, na rubuta ƙarfe shida da minti talatin da ɗaya. Madam Nuttall ta leƙo ta kafaɗata, ta miƙo min abin goge fensir.