Sandar Da Ba Ta Da Wutsiya

Ranar wata Alhamis, ƙarfe goma da kwata na safe, wani mutum ya kama aiki a wata masana'antar zubin sanholo a Tarauni. Malam Shehu, shugaban ma'aikata, ya zagaya da shi. Ya nuna masa narkakken sanholo yana kwarara ta sama, ana fesa masa ruwa, yana fitowa ta ƙasa sanda guda, doguwa kamar rake. Ya ja masa kunne cewa bayanta ne ke fara daskarewa, cikinta kuwa ruwa ne tsundum, don haka ba a yanka ta sai can ƙarshen rumfa.

Mutumin nan ya ce ya gane. Bai gane ba, Allah sarki. Hankalinsa yana Gyaɗi-Gyaɗi, inda mahaifin Hafsat, wadda yake nema da aure, ya ce ya zo da la'asar, in kuwa ya saɓa kada ya ƙara taka masa zaure.

Da azahar ya nemi izini. Malam Shehu ya ce, "In sandar ta ƙare, ka tafi."

Ya ja kujera ya zauna yana jiran wutsiyarta. Sanda tana ta fitowa. Ya zagaya bayan inji ya leƙa, ya dawo, ya tambayi wani ma'aikaci, Ashiru, tun yaushe ta fara.

"Tun kafin azumi."

"To yaushe za ta ƙare?"

"Ranar da aka ɗauke wuta, angon gobe."

Inuwa ta fara tsawo. Ya matsa dab da bakin inji, ya ƙwanƙwasa sandar da guduma, ya ji ƙwal. Ya ce a ransa ai wannan ta nuna, tsoron Malam ne kawai. Ya ɗauko almakashin ƙarfe ya datse ta.

Cikinta ya ɓalle kamar kunu. Kowa ya yi ta kansa. Kafin a kashe inji, daɓe ya zama faranti guda mai walƙiya. Waɗanda suka rage a rumfar su ne takalman Malam Shehu, da keken Ashiru, da kwanon wake da shinkafa, duk a kafe, sai shi gogan a tsugune bisa ganga.

Malam Shehu ya leƙo ta taga, ba takalmi, ya ce, "Kai, ban ce maka cikinta ruwa ne ba?"

Ya ce, "Malam, a bar maganar ciki. Ta ƙare ko ba ta ƙare ba?"