Ranar da Muka Tura Amarya Zuwa Coci

Har na tsufa ba zan taɓa mantawa da jajiberin auren autarmu Rahila ba, don ranar ce na bar tsohon faifan kulocin motar gidanmu a ƙarƙashin benci saboda farar shadda.

Motar ta marigayi Babanmu ce, tsohuwa mai giyar hannu. Ya saye ta yana malamin firamare. Ita ta kai mu makaranta, ita ta kwaso masara daga gonarmu ta Bomo, kuma yayyenmu mata biyu duk a cikinta aka kai su coci ranar aurensu, Baba na tuƙi yana rera waƙa. Da ya rasu ta dawo hannuna. Mama ta ce abu ɗaya take roƙo, autarta ma ta shiga motar ubanta.

Ana saura kwana uku kuloci ya fara zamewa. Ka taka totur inji ya yi ta ihu, mota kuwa tana jan ƙafa. Na kai ta garejin Malam Isiyaku a Samaru, bakaniken da ke duba ta tun zamanin Baba. Safiyar Juma'a ya sauke giyabos, wato akwatin giya, ya zaro faifan kulocin duk ya cinye, ya naɗe shi a takardar siminti. Ya ce in je Sabon Gari in sayo faifai da firesha mai danne shi da boris, kuma kada in karɓi komai sai an ɗora tsoho a kan sabo.

To ni ranar sabuwar farar shadda ce a jikina, zan wuce tarbar dangin ango. Ga shi ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a (wankin kwalabe ya fi yawa, amma a unguwa Injiniya ake kira na, ban kuma taɓa hana kowa ba). Na dubi baƙin man da ke tsiyaya daga takardar, na tura ƙunshin ƙarƙashin benci da ƙafa, na hau keke napep.

A shagon Oga Emeka, wanda shi ke sayar wa Baba kayan gyara, tambayar farko ita ce ina tsohon. Na ce a cikin motar nan na girma, ba na buƙata. Ya jera mini faifai biyu, ya ce motar iri biyu ta fito, bambancinsu yawan haƙoran da ke ramin tsakiya. Ɗaya kwalinsa ya sha ƙura, ɗayan yana sheƙi. Na ɗauki mai sheƙin, na juya shi, na ƙwanƙwasa a kusa da kunne kamar mai sayen tukunya, na ce shi ne.

"Babanka ko noti ɗaya zai saya, da tsohon yake zuwa a aljihu," in ji Oga Emeka.

Na ce masa zamani ya canza.

Malam Isiyaku bai gwada ba sai bayan la'asar. Faifai ya ƙi shiga sandar giya. A gaban duk masu jiran gyara ya ƙirga haƙoran da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sunkuya ya jawo ƙunshina daga ƙarƙashin benci ya miƙo mini. Da zagi na ya yi da ya fi mini sauƙi. Na koma Sabon Gari a guje, na tarar Oga Emeka ya rufe, ya tafi jana'iza garinsu. Sauran shaguna kowa ya duba ya ce sun daɗe da daina kawo irinsa.

Na je wa Mama da murya ƙasa ƙasa, na ce gyara bai yiwu ba, amma abokina zai ba mu motarsa sabuwa, har da sanyi a ciki. Ta tambaye ni ko tayoyin motar Baba suna juyawa. Na ce e. Birki fa? Na ce yana kamawa.

"To a cikinta za ta tafi."

Haka aka yi. Ranar Asabar aka ƙawata mota da balan-balan, matasan coci suka sa hannu a baya suna turawa, ni kuma ina kan sitiyari cikin babbar riga, inji shiru. 'Yan zumuntar mata na biye da mu da waƙa, ɗalibai sun fito daga shaguna suna ɗauka da waya. Daidai bakin kasuwa wani ya ɗaga murya, "Injiniya, sa mata giya ta biyu mana!" Rahila ta yi dariya har kwalliyarta ta ɓaci, ni kuwa ji na yi kamar in shige ƙarƙashin kujera.

A ƙofar coci Mama ta tsaya ta dafa motar, idonta ya cika da hawaye. Na zaci haushina take ji, na fara ba da haƙuri.

"Ranar da ubanku ya sayo ta, da turi ta shigo gida," ta ce. "Shi ma haka ya riƙe sitiyarin yana ta zufa."

Da Oga Emeka ya dawo na kai masa tsohon faifan da hannuna, mai ƙurar nan ya hau kansa daidai. Tun daga lokacin ko ƙwan fitila zan saya, da mataccen nake zuwa a aljihu. A Samaru har yau Injiniya ake kira na, sai dai yanzu in an kira akan tambaye ni haƙora nawa.