Kwamin Ruwan Raƙumin Dawa

A dajin Gwaska, Toron Giwa ne sarki, kuma kowa ya san aikinsa: dogaye su yi shawara, gajeru su yi godiya. Shekara uku ke nan da fada ta sa aka sassaƙa ƙaton kwamin shan ruwa saboda rani, aka ɗora shi a kan ƙafafu. Raƙumin Dawa, Sarkin Ruwa, shi ya auna tsayinsa, daidai bakinsa, ba sai ya sunkuya ba. Duk shekara yakan je ya tambayi waɗanda ya tarar suna sha ko sun gamsu. Ba a taɓa samun wanda ya ce a'a ba.

Tasalla bushiya ko ɗanɗana ruwan nan ba ta taɓa yi ba. Ita da sauran gajeru sai sun yi tafiyar rabin yini zuwa wani tafki mai kada, kuma ba kullum ake dawowa cif ba.

Bana sai ga sabon yayi a fada: waɗanda aka yi wa aiki su za su bincika aikin. Aka ce Tasalla ce shugabar bincike. Wayyo daɗi! Dunƙulewa ta yi, ta mirgina tun daga fada har ƙofar raminta tana guɗa.

Dabararta ba wuya. Kowa ya tsoma hanci a laka, ya yi ɗage, ya dangwala a jikin kwamin iya inda ya kai. Zomo ya yi, gafiya ta yi, tsoho Kunkuru ya yi har ya kife aka birkito shi ana ƙyalƙyala dariya. Kafin mako ƙafafun kwamin sun cika da tambari, babu wanda ya kai rabi.

Ranar majalisa aka taru a gindin kwamin. Tasalla ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ga hancin talakawanka, can sama kuma ga ruwa. Roƙonmu ɗaya ne, a rage wa kwamin ƙafa."

Raƙumin Dawa ya hango kansa yana tale ƙafafu don shan ruwa a gaban jama'a, sai ya yi gyaran murya.

"Allah ya taimaki sarki, wannan bincike abin alfahari ne. Ya nuna talakawa suna ƙaunar kwamin nan har sumbatarsa suke yi. Sai dai bai dace mai bincike ta yanke hukunci a kan ruwan da ba ta sha ba."

"Gaskiya ne," in ji sarki. Ya naɗo Tasalla da hancinsa ya ɗora ta a bakin kwamin. "Daga yau ke ce Magajiyar Bincike. Kullum za a ɗaga ki ki sha. Maganar ƙafa kuma, za a duba."

Tasalla ta kafa baki. Sanyi! Garɗi! Ta sha har cikinta ya yi tulu, ta yi gyatsa, fadawa suka ce lafiya Magajiya. Daɗi ya ratsa ta har ƙayoyinta suka kwanta.

"Tasalla!" Kunkuru ne daga ƙasa. "Me aka yanke, 'yar nan?"

Ta leƙo. Ashe haka suke ƙanana in an hango su daga nan.

"Baba, gara ku kama hanyar tafki tun rana ba ta yi zafi ba." Ta lashe baki. "Ruwan nan dai, tsakani da Allah, ba shi da laifi."